Darasin Wannan Wata: Kyautar Kirsimeti Daga Abin Da Ke Hannu

 Iska ta juya, ciyawa ta fara bushewa, masara da gyaɗa sun shigo gida, yara kuma sun fara ƙirga kwanakin da suka rage kafin 25 ga Disamba. Wannan darasi na iyalan da ke zaune a Tibati da ƙauyukan da ke kewaye da ita ne, waɗanda suka tsallako daga Afirka ta Tsakiya da waɗanda rikici ya koro daga wasu sassan Kamaru. Zai kuma amfani 'yan'uwanmu na Borgop da Ngam can wajen Maiganga. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a gida, ko a taron mata, ko bayan sujada, ko a gindin bishiya da yamma.

Mun san halin da ake ciki. A gida, kafin gudu, uba yakan sayar da akuya ko buhun hatsi ya ɗinka wa yara kaya, uwa ta dafa shinkafa ta aika wa maƙwabta. Yau akuyar babu, gonar ta aro ce, tallafi ma ba kullum yake isa ba. Amma yaro bai san wannan lissafi ba. Abin da ya sani shi ne ɗan maƙwabci zai samu wani abu ranar biki. Wannan nauyi ne yake tura iyaye cin bashi. Kowace shekara, in Janairu ya kama, muna ganin gidajen da suka sayar da abincin wata guda saboda murnar yini guda, ko suka jinginar da katinsu wajen mai kanti. Daɗin bikin ya wuce, bashin ya zauna.

Abin da za mu koya

A ƙarshen darasin nan muna so kowane gida ya iya abu uku: ya ware abin da zai iya kashewa ba tare da ya taɓa abincinsa ba, ya haɗa aƙalla kyauta biyu da hannunsa daga kayan da ake samu a nan, ya kuma san haɗarin da ke tattare da kowane aiki, don kada murna ta koma jinya.

Ga Musulmin da ke cikinmu, darasin naku ne ku ma. A wannan ƙasa an saba maƙwabci ya aika wa maƙwabci kwano ranar Kirsimeti, a mayar masa da kwano ranar Sallah. Duk abin da aka koya a nan zai yi amfani a suna da biki da Sallah, wasu ma za su zama abin sayarwa a kasuwa.

Kashi na ɗaya: lissafi kafin aiki

Kafin a sayi ko da ƙwayar gyaɗa, mai gida da uwargida su zauna su cire abu uku gefe: abincin da zai kai gida zuwa rabo na gaba ko zuwa samun kuɗi na gaba, abin da yara za su buƙata in an koma makaranta a farkon Janairu, kamar littafi da alƙalami, da ɗan abin da za a ajiye saboda rashin lafiya. Abin da ya saura bayan wannan, shi ne na kyauta. In bai wuce sefa 500 ba, to, sefa 500 ɗin ne. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Akwai abubuwan da ba a taɓawa ko kaɗan:

1. Katin rajista da katin karɓar tallafi. Ba a jinginar da su, ba a ba da aronsu.
2. Gidan sauro. Ba a yanka shi don yin ƙwallo, ko soso, ko shingen kaji. Sauro ya ragu da rani, amma bai tafi ba, musamman kusa da ruwa.
3. Abincin gyaɗa na cikin 'yar jaka da asibiti ke ba yaron da ya rame. Magani ne na wannan yaron shi kaɗai. Ba a yin alewa da shi, ba a raba wa baƙi.
4. Tamfol ɗin rufi da bargo. Daren Disamba a tudun Adamawa yana da sanyi ƙwarai.

Sai a rubuta sunayen waɗanda za a ba, a fara da yaran gida, sannan tsofaffi da marasa lafiya, sannan maƙwabta da wanda ya ba ku aron gona ko masauki. Kada jerin ya yi tsawo.

Dabarar da ta fi sauƙaƙa kuɗi ita ce haɗa hannu. Misali, gida biyar kowanne ya kawo sefa 500, an samu jaka biyu da rabi ke nan. Mutum ɗaya ya je kasuwa ya sayo sukari da gyaɗa a dunƙule, wanda ya fi araha a kan saye ƙulli-ƙulli. A hura wuta ɗaya maimakon biyar, a yi aiki rana ɗaya, a raba daidai a gaban kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kashi na biyu: mudun gyaɗa ɗaya, kyauta huɗu

Gyaɗa tana da araha yanzu fiye da yadda za ta yi nan da 'yan watanni, domin ba a daɗe da cire ta ba. Aikin farko shi ne tsinta. A baza ta a faifai, a fitar da duk ƙwayar da ta yi baƙi, ko ta yamutse, ko ta yi fumfuna, ko take ɗaci. Irin wannan gyaɗa tana ɗauke da dafin da ke cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe shi. A zubar, kada a ba yara, kada a ce asara ce. Sai a soya mai kyau ɗin a cikin yashi mai tsabta ko a busasshiyar tukunya, a murje, a fece ɓawon. A raba ta kashi biyu.

Alewar gyaɗa. A auna da kofi ɗaya tun daga farko har ƙarshe: kofi 2 na soyayyar gyaɗa da aka ɗan daddaka, kofi 1 na sukari.

1. A shafa mai kaɗan a tire ko bayan faranti, da jikin kwalba mai tsabta. A ajiye su kusa kafin a ɗora tukunya, domin in sukari ya narke ba ya jiran kowa.
2. A zuba sukari a busasshiyar tukunya a kan wuta kaɗan. A riƙa juyawa a hankali har ya narke ya yi kalar zuma. In ya yi baƙi ya ƙone, zai yi ɗaci.
3. A zuba gyaɗa nan take, a juya da sauri, a juye a tiren.
4. A murza da kwalbar har ya yi faɗi, kaurinsa kamar rabin ɗan yatsa.
5. A yanka da wuƙa tun yana da ɗumi. In ya huce, sai dai a fasa.

Wannan awo yana ba da ƙananan yanka kusan 30. Haka ake yin kantu, sai dai a sa soyayyen riɗi a madadin gyaɗa. In an rufe a busasshiyar kwalba, yana yin mako biyu ko fiye, musamman da yake iskar yanzu ba ta da laima.

Mai da ƙuliƙuli. Sauran rabin a kai inji ko a daka a turmi har ya yi laushi. A riƙa zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa da muciya har mai ya fito, a matse. Man a tace shi a ajiye, za mu dawo kansa a kashi na uku. Tunkuzar a sa mata gishiri, a mulmula, a soya a cikin man da ya fito daga jikinta. Ga ƙuliƙuli na yara.

Yajin ƙuli. A ɗebi kashi ɗaya na ƙuliƙulin a daka da busasshen barkono, da citta, da ɗan kanumfari, da gishiri, a tankaɗe. A zuba a ƙaramar kwalba mai murfi. Wannan kyauta ce da uwargida za ta yi wata guda tana tuna wanda ya ba ta, duk lokacin da ta barbaɗa a rogo ko a kwaɗon zogale.

Gargaɗi. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma yana manne wa fata. A kori yara daga wajen murhu, kada mai goyo ta yi aikin da jariri a baya. In wani ya ƙone, a riƙa zuba wa wurin ruwan sanyi mai tsabta har minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a kai shi asibiti mafi kusa. Kada a shafa manja, ko ƙwai, ko man goge baki, ko toka. Haka kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 4 ba gyaɗa guda-guda ko alewa mai tauri, domin tana iya shaƙe shi.

Kashi na uku: man shafawa na kakin zuma

Allah ya albarkaci wannan yanki da zuma. Daga Tibati zuwa Ngawundal har Maiganga, duk wanda ya bi hanya ya ga amya a rataye a bishiyoyi, ya ga zuma a kwalabe a bakin titi. Abin da mutane da yawa ba su kula da shi ba shi ne saƙar da ta rage bayan an matse zuma. Wasu masu zuma suna tara ta su sayar, wasu kuwa zubarwa suke yi. Ku tambayi mai amya na kusa da ku. Sau da yawa zai ba ku da araha, ko ku yi musaya da ƙuliƙuli.

Hunturu yana kawo faso da kaushi da fashewar leɓe. Man kanti yana da tsada. Na gida kuwa abu biyu kawai yake buƙata, kaki da mai.

Tace kaki:

1. A zuba saƙar a tsohuwar tukunya, a sa ruwa ya sha kanta, a ɗora a wuta kaɗan. Kaki yana narkewa tun ruwa bai tafasa ba, saboda haka ba a buƙatar wuta mai ƙarfi.
2. In ya narke, a tace da tsohon ƙyalle mai tsabta a cikin roba ko kwano, a matse da sanduna biyu, ba da hannu ba.
3. A bar shi ya kwana. Da safe za a ga kaki ya daskare a sama kamar faifai, datti ya kwanta a ƙasa. A ɗauke, a kankare ƙasansa.

Haɗa man:

1. Awo shi ne kaki 1, mai 4. In an auna da ƙaramin gwangwanin tumatir, gwangwani ɗaya na narkakken kaki da huɗu na mai za su ba da gwangwani biyar na man shafawa, wato kyautar mutum biyar.
2. Man yana iya zama na gyaɗar da kuka matse, ko man kaɗe, ko alayyadi, wanda a kasuwannin nan ake kira manyanga.
3. A sa kaki da mai a kwano, a ɗora kwanon a cikin tukunyar da ke da ruwan zafi. Kada a ɗora shi kai tsaye a kan wuta.
4. In sun narke sun haɗu, a ɗiga kaɗan a cokali a bari ya huce. In ya yi tauri da yawa a ƙara mai, in ya yi ruwa a ƙara kaki.
5. A zuba a ƙananan kwalabe ko robobi masu murfi, waɗanda aka wanke suka bushe sarai. Ɗigon ruwa ɗaya yana iya ɓata shi.

Gargaɗi. Kaki yana kamawa da wuta in ya yi zafi da yawa. In ya kama, a rufe tukunyar da murfi ko a zuba yashi. Kada a watsa ruwa, wutar za ta fantsama. Wannan mai na busasshiyar fata ne, ba na ƙuna ba, ba na gyambo ba, ba na ido ba. Sannan in an samu zuma tare da saƙar, a tuna ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko da lasa ce.

Wani zai tambaya me ya sa ba mu koyar da yin kyandir ba, tun da ga kaki. Da gangan muka bari. Ɗakunanmu na ciyawa ne da tamfol, suna kusa da juna, ga iska ga bushewa. Kyandir ɗaya da aka manta yana iya cinye layi guda. Sabulu ma mun bar shi: soda tana ƙona fata da ido, tana buƙatar awo na sikeli, kuma sabulun sai ya yi mako huɗu yana shan iska kafin a yi wanka da shi. Wadda ta samu horo a kai ta yi, amma ta fara da wuri. Wadda ba ta samu ba, kada ta koya a gurguje saboda biki.

Kashi na huɗu: abin sha da abin kunu

Zoɓo, wanda a nan aka fi sani da folere, yanzu ake tsinke shi. Dintsi biyu na busasshen zoɓo, da 'yar citta, da kanumfari biyar ko shida, a ƙulle a takarda mai tsabta, ya zama kyauta. Wanda aka ba zai dafa lokacin da ya ga dama. In kuwa za ku dafa ku raba ranar biki, to, ruwan ya tafasa sosai, ya yi aƙalla minti ɗaya yana tafasa, kuma ruwan da za a ƙara a sirka shi ma ya zama dafaffe ko wanda aka sa wa magani. A wanke kwalabe da sabulu. Gudawar bayan biki tana iya fitowa daga ruwan sirki. Kada a taɓa zuba abin ci ko abin sha a robar maganin feshi ko ta maganin ciyawa, ko an wanke ta sau goma.

Garin kunu. Ga mai jego, ko tsohuwa, ko gidan da ke da yaron da ya wuce wata shida, babu kyautar da ta fi wannan. A soya masara kofi 3, waken suya ko farin wake kofi 1, gyaɗa kofi 1, kowanne dabam. A cire ɓawon waken, a haɗa a niƙa, a tankaɗe. Wanda yake da hanyar samun ƙananan busassun kifi daga Mbakawu, inda madatsar ruwan kogin Jerem ta tara masunta, ya daka kaɗan ya ƙulle dabam, a riƙa barbaɗawa a kunun yaro ko a miya. A gaya wa wadda aka ba ta dafa garin sosai, ba damawa da ruwan zafi kawai ba.

Kashi na biyar: na yara

Yaro ba ya tambayar farashi. Abin da yake so shi ne a ce wannan naka ne, kai kaɗai.

'Yar tsana. Ku je wajen tela ku roƙi ƙyallaye. A wannan wata teloli suna ɗinki dare da rana, ƙyalle yana taruwa a ƙarƙashin keke. A yanka biyu daidai da siffar mutum, a ɗinke, a cusa ƙananan tsummoki masu tsabta, a rufe. A yi ido da baki da zare. Kada a sa maɓalli ko dutsen ado in yaron bai kai shekara 3 ba, zai cire ya haɗiye. A ɗaura mata ɗan zane da ɗankwali, a haɗa da ɗan majanyi don goyo.

Mota. Cikin tukurwa yana da laushi, wuƙa tana yanka shi kamar rogo, ana haɗa shi da tsinke ba tare da ƙusa ba. Karan dawa ma yana yi. A yanko taya daga tsohon silifa. Yaran nan sun fi mu iya wannan aiki, saboda haka a sa yayye su ƙera wa ƙanne a ɓoye. In an yi da gwangwani, a lanƙwasa bakinsa a daddake da dutse har ya daina yanka.

Ƙwallo. A dunƙule tsummoki, a cusa a tsohuwar safa, a ɗaure da igiya ta kowane gefe.

Jakar makaranta. A wanke buhun shinkafa ko na sukari, a shanya, a yanka, a ninka, a ɗinke gefe biyu da zare mai ƙarfi, a yi mata hannu da ƙyalle, a ɗinka sunan yaron a jiki. Kada a yi da buhun taki. In da hali a saka littafi ɗaya da fensir a ciki. Da haka kyautar biki ta ɗauke wani ɓangare na nauyin Janairu.

Ga 'yan mata da suka fara girma, uwa ko inna tana iya ɗinka ƙunzugu uku ko huɗu da ƙyallen auduga mai laushi, ninki da yawa, da 'yar jakar ajiya. A ba ta a keɓe, a nuna mata yadda za ta wanke da sabulu ta shanya a rana. Yarinya da yawa tana fashin makaranta saboda rashin wannan.

Kashi na shida: daga daji da daga lambu

Kafin gobarar daji ta cinye ciyawa, a yanko ta tsintsiya da ta faifai. Tsintsiya mai kyau, ko faifai, ko mafici, ko ragaya, kyauta ce da ba ta cin ko dala. Amma a kiyaye abu uku. A nemi izinin Jauro ko mai fili kafin a yanka, domin zaman lafiyarmu da masu masaukinmu ya fi tsintsiya. A tafi a ƙungiya, da rana, kada a yi nisa, kada a aiki yara su kaɗai. Kuma kada a shiga gandun dajin Mbam da Jerem da ke kudu da mu; tun shekarar 2000 hukuma ta keɓe shi, an hana sara da farauta a ciki.

Dashe. A huda ƙasan tsohon gwangwani ko roba, a cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a shuka ƙwayar zogale ko gwanda. Zogale yakan tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu, saboda haka wanda ya shuka a farkon Disamba zai miƙa ɗan tsiro mai ganye ranar biki. A riƙa ba shi ruwan da aka wanke hatsi, a tsare shi daga awaki, a dasa in ruwan sama ya sauka wajen Maris ko Afrilu. A sansanin Minawao da ke Arewa Mai Nisa, inda 'yan gudun hijirar Najeriya suke tun 2013, da irin wannan reno na ɗaya-ɗaya aka mayar da fili mai ƙura ya zama mai inuwa. In kun ba wanda ya ba ku aron gona dashen bishiya, kun bar masa abin da zai daɗe yana tuna ku da alheri, ko kun koma gida.

Kashi na bakwai: kyautar da ba a ƙullewa

Akwai gidajen da ko sefa 100 ba za ta saura ba bayan lissafi. Kada su ji kunya, kada kuma su rufe ƙofa ranar biki. Mai iya kitso ta yi wa 'ya'yan maƙwabciya. Mai lalle ta ƙunsa. Mai aska ya yi wa yara aski, da sabuwar reza ga kowane kai. Samari su ɗebo wa tsohuwar da ke zaune ita kaɗai ruwa da itace na mako guda, su gyara mata rufi da danga. Kaka ta tara jikoki ta ba su labarin garinsu, da sunayen kakanninsu, da yadda ake biki a can, domin da yawa cikinsu a nan aka haife su.

Biki yakan tayar da mikin rabuwa. In kun san wanda ya rabu da danginsa a gudu, har yau bai ji ɗuriyarsu ba, ku raka shi wajen ma'aikatan Kuros Ruj, wato ƙungiyar agaji ta Red Cross. Suna da aikin neman dangi da isar da saƙo, kuma kyauta ne. Yaron da ke zaune a gidan da ba na iyayensa ba, a ba shi daidai da abin da aka ba 'ya'yan gida, a gabansu.

Ƙulli da miƙawa

Tun 2014 Kamaru ta hana amfani da siririyar leda. Ganyen ayaba da aka ɗan gasa a wuta, ko takarda mai tsabta, ko ƙyalle, sun wadatar, a ɗaure da zaren tukurwa. Kada abinci ya taɓa takardar da ke da tawada. In abinci za a aika wa maƙwabci Musulmi, a kiyaye abin da addininsa ya hana, a dafa a tukunya mai tsabta, nama kuma ya zama yankan da zai ci. Shi ya sa alewa da zoɓo da man shafawa suka fi sauƙi, babu mai shakka a kansu. A kai da ƙafa, a gaisa, a ɗan zauna. Wanda aka kawo wa kuma kada ya ga dole sai ya rama da abin da ya fi ƙarfinsa. Godiya da addu'a sun isa tukwici.

Tsarin mako huɗu

Mako na farko: lissafi, rubuta sunaye, haɗa kuɗi, shuka zogale, roƙon ƙyalle da saƙar zuma, tara kwalabe.
Mako na biyu: tace kaki, yankan ciyawa, fara ɗinki da saƙa.
Mako na uku: aikin gyaɗa, matse mai, ƙuliƙuli, yaji, haɗa man shafawa, garin kunu.
Mako na huɗu: alewa da kantu, ƙulli, kitso da aski. Zoɓon sha a dafa shi ranar da za a sha.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa uku ake cirewa gefe kafin a ware kuɗin kyauta?
2. Me ya sa ba a soya gyaɗar da ta yi fumfuna a ci?
3. In kuna da gwangwani biyu na narkakken kaki, gwangwani nawa na mai za ku sa, kuma mutum nawa za su samu?
4. Me za ku yi in narkakken sukari ya zuba wa yaro a hannu? Me ba za ku yi ba?
5. Wane ne a layinku ba shi da wanda zai tuna da shi ranar biki, kuma wa zai je wajensa?

Aikin gida: kafin mako ya zagayo, kowace ƙungiya ta gwada abu ɗaya daga cikin darasin nan da ɗan awo kaɗan, ta kawo a gani a taro na gaba, a gyara kuskure tun kaya ba su yi yawa ba. Wadda ta iya wata sana'a da ba mu ambata ba, ta sanar da wakilin unguwarta don a koya wa saura.

Muna yi wa 'yan'uwanmu Kirista barka da Kirsimeti, muna yi wa kowa fatan shiga sabuwar shekara lafiya, babu bashi a wuya. Allah ya ba mu zaman lafiya a nan, ya kuma kwantar da hankali a garuruwan da muka baro.